Baba Tsaya-Tukuna da Hayaƙin Gidan Burodi

Kowane makanike idan ya iso gareji da safe, akwatin kayan aikinsa yake fara buɗewa. Namu kuwa sama yake fara kallo. Zai jingine kekensa, ya goya hannu a baya, ya zuba wa bututun gidan burodin da ke ƙarshen layi ido. In hayaƙi ya miƙe sama, sai ya ce a tayar da motoci. In kuwa ya fito ya lanƙwashe, ya kwanta a kan rufin gidaje, to ko motar wace ce ba za a murza mata makulli ba sai rana ta ɗaga, iska ta motsa. "Tsaya tukuna," abin da zai ce ke nan. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa ya koma kiransa Baba Tsaya-Tukuna, har matarsa in tana son tsokana.

Katanga ɗaya ce ta raba garejinsa da gidana, kuma tagar ɗakin 'yata Auta garejin take kallo. Tun tana goye take fama da ciwon asma. Duk safiyar da aka tashi da sanyi babu iska, in aka fara ɗuma injuna a gareji, sai ƙirjinta ya kama kuka kamar usur, uwarta ta saɓe ta sai asibiti. Ba mu taɓa kai masa ƙara ba. Shi da kansa ya ji tarin ta bayan katanga, ya lura da ranakun da yake tsananta, ya ga ranakun da hayaƙin gidan burodi ke kwanciya ne.

Direbobi ba su karɓi sabuwar dokar da daɗi ba. Wanda ya fi kowa ƙorafi shi ne Dogo, mai bas ɗin haya, wanda kullum kamar ana binsa a guje yake. Mai shayin bakin gareji ya ba ni labarin karonsu, yana yi yana dariya.

"Haba Baba, wai ni da motata sai na nemi izini wajen gidan burodi?"

"Dogo, zo ka gani. Yau sanyi ya kwanta a ƙasa, ɗumi ya hau kansa ya zauna. Gari ya zama tukunya an kifa mata murfi. Duk abin da salansarka ta tofar, nan zai tsaya, mu shaƙa, yara su shaƙa. Bari rana ta cire murfin."

"Fasinja fa? Sai su jira rana?"

"Ai sauri ya haifi nawa. Zauna ka sha shayi, tsawonka ba zai ragu ba."

Dogo ya zauna yana huci, ya sha kofi biyu. Mai shayi dai har yau yana cewa a duk faɗin layin babu wanda dokar ta yi wa rana kamarsa.

Sai kuma farin ƙyallen da ke rataye a kafaɗarsa. In ya gama gyaran mota, zai kara shi a bakin salansa, ya ce a taka totur. In ƙyalle ya yi baƙi, motar ba ta fita, ko mai ita zai yi birgima a ƙasa. Zai sake kwance ta, ya wanke matatar iska, ya daidaita shan manta, har sai ƙyallen ya fito fes. Shi ne kuma ya bi masu ƙona shara da lalama har suka daina cinna wuta da sassafe.

Kai ne, Baba, ka mayar da kallon sama aikin makanike. Kai ne maƙwabcin da ya ji tari ta bayan katanga ya ɗauke shi tamkar a ɗakinsa ake yi. Auta yanzu ta shiga sakandare, har tseren gudu take yi, kuma rabonmu da asibiti da sassafe an daɗe.

A makon jiya gwiwoyi suka ce sun gaji, Baba ya ajiye aiki, ya bar wa wani makanike garejin. Na taya shi murna, amma gaskiya gabana faɗuwa yake. Wa zai riƙa cewa a tsaya?

Shekaranjiya aka tashi da irin safiyar nan. Na leƙa na ga hayaƙin gidan burodi ya kwanta luf. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin Auta, ina jiran ƙarar injin farko. Shiru. Na zagaya gareji. Motoci na jere a kashe, direbobi sun cika bencin mai shayi. Wani baƙon direba ya buɗe motarsa zai murza makulli, sai ga dogon hannu ya shigo ta taga ya riƙe nasa.

"Malam, tsaya tukuna," in ji Dogo. "Ba ka ga murfi a kife ba? Akwai yarinya a bayan katangar nan."

Na koma gida na tarar da Auta tana ɗaura igiyar takalmi tana waƙa. Ni da na fita da fargaba, sai ga ni ina share ƙwalla.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu injuna, manya da ƙanana, ku ɗauki darasi: kafin ku murza makulli da safe, ku ɗaga kai ku ga inda hayaƙi ya nufa. In ya kwanta, ku tsaya tukuna. Kowace katanga akwai mai numfashi a bayanta.