Waldar Baba a Ƙarƙashin Amalanke

Jiya a hanyar Surko na ga wani amalanken shanu mai dakon taki da aka ɗora kan tsohon aksul na mota, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Na duƙa na shafa waldarsa, a jere reras kamar sabon kitso. Hannun Baba mai walda na Birnin Kudu ne.

Zamanin arzikin fetur akori-kura nake ja, ina lodin gero zuwa Gwaram, har aksul ɗin baya ya fara lanƙwasa. Baba ya kafa masa ƙarfe ta ƙasa. Sai ya ɗiga walda nan, ya tauna goro ta huce, ya ɗiga can, rumfarsa duk ƙaurin ƙarfe.

Da ya gama na ce, "Baba, yanzu ko giwa sai motar ta ɗauka ko?"

"Ina! Lallaɓa ta, ɗana. Aikin tsoho ne, akuya ɗaya ka ƙara sai ya karye."

Ashe haka yake gaya wa kowane direba, don kada lodin ganganci ya kashe mu. Motocin sun ruɓe, waldar tana nan tana dakon taki.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sauke masa nauyi kamar yadda ya rage mana namu.