Anti Lamba da Tashar da ke Kan Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi take isa ofis. Ta rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta goge tabarau, ta kunna talabijin goma sha biyun da ke jere a bango. Ɗakin ba taga, sanyin na'ura kuma har cikin ƙashi. Sai ta ɗauki rimot ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar kowace na zaune a lambarta. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka a kamfanin kebul, har sunanta na yanka ya ɓace. Daga mai gadi har manaja, Anti Lamba kowa ke cewa.

Mai kallo a gida bai san akwai mai raba wa tashoshi lamba ba. Alhali kowace lamba sai da aka yi zama a kanta. Manyan tashoshi kan yi kokawar samun lambobin farko, don sun san mutum ba ya son dogon danne-danne. Tashar gari kuwa, mai karanta sanarwar rasuwa da cigiya da gargaɗin ambaliya, ba ta da mai tsaya mata. Anti Lamba ce ta zaunar da ita a bakwai, ta tsare mata wurin shekara da shekaru.

Da kamfanin ya koma hannun sababbin masu shi, sai aka ce a ba wata tashar tallar kaya lamba bakwai. Sakatariyar da ta zauna a taron ta ce ba ta taɓa jin muryar Anti ta yi rawa ba sai ranar.

"Ranka ya daɗe, tsofaffin nan bakwai kawai suka sani. Wasunsu ba sa karatu, wurin maɓallin suka haddace da yatsa."

Sabon manaja ya ce, "Haba Anti, za su saba. Ke ba ga shi kin saba da kwamfuta ba?"

Aka yi dariya, aka tashi. Da hannunta ta mayar da tashar gari ɗari huɗu da goma sha takwas.

Bayan mako biyu wani dattijo ya bugo waya, aka haɗa shi da ita.

"'Yata, ku ne kuka ɗauke mana bakwai?"

Ya ce amininsa ne ya rasu, wanda suka yi shekara hamsin tare. Sau uku aka karanta sanarwar, shi kuwa yana zaune gaban bakwai ana tallar tukwane. Sai da aka kwana uku da binne shi ya ji a bakin mai aski.

"Ba faɗa nake ba, 'yata," in ji shi. "Gaya mini inda kuka kai ta kawai."

Tun daga Asabar ɗin da ta biyo baya ta fara bin motar masu haɗa waya gida-gida, ba da aiken kowa ba. Kwalbar jan farce ce a jakarta. Ta ɗiga a kan huɗu da ɗaya da takwas na rimot, ta kama yatsan tsoho ta bi da shi har ya riƙe. Direban motar ya ce wata tsohuwa ta tare ta da cewa, "Baiwar Allah, wanda ya yi mana wannan aika-aika, Allah ya isa!"

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "To zauna ki sha ruwa. Na janye rabi."

'Yar Anti ta fari kan ce, "Umma, gwiwarki fa? Ba ke kika yanke hukuncin nan ba." Sai ta ce, "Amma hannuna ne ya rubuta."

Sau huɗu ta rubuta wa shugabanni takarda a mayar da tashar kusa. Ba a amsa ko ɗaya ba. Masu kallo suka ragu, tashar ta rage ma'aikata, yanzu awa huɗu kawai take yi a rana. Hasken allo kuma ya ci idon Anti, ƙananan lambobi sai ta kanga da hanci take gani. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba wanda zai gaje ta: daga hedikwata na'ura za ta riƙa jera tashoshin.

Anti, ke ce kika san bayan kowace lamba akwai mutum zaune yana jiran labarin nasa. Ke ce aka kayar a taro, ba ki ɗora wa kowa ba, kika ɗauki nauyin a ka har ƙofar gidajen mutane. Ba ki ci nasara ba, ba za mu yi miki ƙarya ba. Amma mun gani, mun gode. Allah ya ba idonki lafiya, ya sa ki huta.

Ku kuma da aikinku ya tsaya a kan allo da maɓalli, ku riƙa tambayar wa abin zai taɓa kafin ku danna. In kuwa akwai tsoho a gidanku, ku zauna kusa da shi yau, ku tambaye shi ko yana samun tasharsa. Wataƙila ya daɗe da rasa ta, kunya ce ta hana shi faɗa.