Wanda Ya Gina Kushewar Mahaifina

A gidanmu na Bakura ba a taɓa ce masa bawa a gabansa ba. Sai dai a ce "mutumin gidanmu ne", kowa kuma ya san abin da ake nufi. Kakan mahaifina ne ya sayi kakansa, shi ke nan abin ya bi jini. Danginsa ke feɗe mana ragon Layya, su ke gina kushewa in an yi mana rasuwa.

Shi dai ya fita daban. A zauren mahaifina ya yi karatu shekara da shekaru, har ya zama in mahaifina ya tafi Maradun ta'aziyya shi ke ba da darasi. Mu 'ya'yan gida kuwa noman albasa a Bakolori ya ɗauke mana hankali. Duk da haka ban taɓa ganin ya ja salla ba. Gara a tura ɗayanmu, ko da Fatiharsa na ɗingishi.

Wata shekara malamai da dattawa suka kira zaman sulhu a Talata Mafara kan wannan magana ta asali. An yi wa'azi mai daɗi, an ce babu ɗa babu bawa, an yi musafaha, an sha lemo. Ni ma har na tashi na yi jawabi, ina ta kumfar baki. Da muka dawo gida mahaifina ya tara mu, ya yi wasiyya cewa in ya mutu wannan ɗalibin nasa ne zai sallace shi.

Ranar da ya rasu aka ajiye makara a ƙofar gida, sahu ya daidaita. Ɗalibin nasa, wanda shi ma Malam ake ce masa, ya tako gaba a hankali. Sai baffana, ƙanen mahaifina, ya riƙe masa hannun riga, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, dakata. Kai ma ka san ba a yin haka gidanga."

Malamin ya juyo ya dube ni, don ni ne babba, kuma ya san na ji wasiyyar. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafuna. Tsoro na ji, kada rabin sahu ya watse a bar gawar ubana da mutum goma. Har yau da wannan hujja nake lallashin kaina, har yau kuma kunya ba ta sake ni ba.

"Ba komi," in ji shi. "Bari in tahi in ga masu gina."

Baffana ya ja sallar. Da muka isa maƙabarta muka tarar da malamin cikin rami har ƙugu, ya naɗe farar rigarsa yana kwashe sauran ƙasa da hannu. Shi ya karɓi mahaifina ya kwantar da shi. Sallar malaminsa kuwa ko a sahun baya bai same ta ba.

Bara da Layya ya zo da wuƙarsa kamar kullum, ya gaishe ni, ya feɗe ragon. Ɗansa ne dai ya daina amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinsa ba.