Makullin da Yaya Ya Lalata

Farfesa muke ce wa Yaya a gida tun yana sakandare, don tsokana. Tsokanar ta bi shi har ya yi furfura a wani ɗan ofis na jami'a mai fanka ɗaya, da safe yana koyarwa, da yamma yana fama da digirinsa na uku.

Bincikensa kan bulokcen ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha bayani, har Inna. Ya ce mata ma'ajiya ce a kwamfutoci masu yawa, abin da ya shiga cikinta ba ya goguwa. A ciki ya dasa yarjejeniya mai zartar da kanta. Ita za ta riƙa tambayar wani shafin intanet yawan ruwan da aka yi, in damina ta gaza sai ta ba mai tsaron rumbu izini ya saki irin shuka, manomi bai roƙi kowa ba. Inna ta gane sarai, domin ta ga ranar da Baba ya yini a ƙofar ofis, wani ma'aikaci ya miƙa rabon Baba na iri ga surukinsa.

Masu irin wannan aiki sukan bar wa kansu makullin gyara. Malamin da ke duba aikinsa ya ce masa shi ma ya riƙe nasa. Yaya kuwa, da taurin kan nan, ya lalata shi a gaban ɗalibai, wai makulli ai ma'aikacin nan ne ya dawo ta taga. Na tafa masa har hannuna ya yi zafi.

Wata ƙungiyar manoma ta yarda a gwada da ita. A daminar ƙarshe ta gwajin ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. A daminar nan ce kuma masu shafin suka sauya adireshi. Yarjejeniyar ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ba amsa, ba kuma wanda ya isa ya juya ta, har mai ita. Mai tsaron rumbu ya ce ya sa hannu ba zai buɗe ba sai da izininta. Wa'adin digiri ya cika a haka, amma ba shi ne ya karya Yaya ba.

Na raka shi rumbun. Manoma na zaune a inuwar bango da buhunansu a naɗe. Wani tsoho sa'an Baba ya taso, ya gaishe shi da ladabi har da rusunawa.

"Malam, don Allah ka nuna mana wanda za mu roƙa."

Yaya ya kalli buhun tsohon.

"Babu kowa, Baba," ya ce. "Ni na cire shi."