Gwangwanin da Ke Kogon Cediya

Ko zan manta komai na zamana a Alƙahira, ranar da na je neman gwangwani a cikin bishiyoyi ba za ta fita raina ba. Shekarata ta farko ce a karatu. Ina zaune a unguwar Madinat Nasr da wasu ɗalibai 'yan Indunusiya, mutanen kirki, amma sai su yi ta dariya ban san abin da aka faɗa ba. Larabcina kuwa na littafi ne, in na yi wa mai shago magana sai ya ce, "Sadaƙallahul azim," a bushe da dariya. Wallahi kaɗaici ya ci ni. Na gama yanke shawara, hutu na zuwa zan koma Gusau, ba dawowa.

Abu ɗaya ya rage mini na gida, ɗan yajin da Innata ta daka mini ta ƙulle a yankin tsohon koren zanenta. Ba na cin sa. Sunsunawa kawai nake in mayar aljihu, don tsoron kada ya ƙare.

Wani babban ɗalibi ɗan Damagaram, da ya gama karatu yana shirin tafiya, ya gan ni na yi tagumi a masallaci. Ya ce, "Ƙanena, kai ma ciwon ya kama ka ke nan. Je ka lambunan Ƙanaɗir, ka bi hanyar bakin ruwa, ka nemi bishiya mai saiwoyi a rataye irin cediyar gida. Akwai gwangwani a kogonta. Tun kafin zuwanmu Hausawa ke yin haka: ka ɗauki abin gida da ka tarar, ka bar naka."

Ranar Juma'a na hau ƙaramar bas ni kaɗai. Wurin da kyau, ba ƙarya. Ga inuwa, ga kogin Nilu na wucewa ta tsakanin itatuwa, iyalai sun baje tabarmi suna ta ciye-ciye. Kowa da nasa, ni ne kawai ba mai kira na. Kuma cediyar ba ɗaya ba ce, kaico! Na yi ta cusa hannu a kogo bayan kogo, tururuwa na cizo na, wata tsohuwa na kallo na kamar mai taɓin hankali. Ina tafe ina raya kilishi ko daddawa zan samu, har yawuna ya tsinke.

Sai dab da la'asar yatsana ya taɓa ƙarfe. Gwangwanin madara ne duk ya yi tsatsa. Na buɗe.

Wayam. Sai ɗan warin daddawa da ya maƙale a ciki. Wanda ya riga ni ya kwashe, bai bar komai ba.

Na zauna a kan saiwa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Na zagi mutumin a raina, na ce wannan ko ɗan wane ne bai yi gadon arziki ba. Na miƙe zan tafi, sai na tuna wani zai zo bayana, ya sha cizon tururuwar nan, ya buɗe ya ga abin da na gani. Na daɗe riƙe da ƙullin Inna. Na sunsuna shi, na jefa ciki, na rufe. Ban ji wani daɗi ba, gaskiya. Na koma ɗaki na ci gaba da haɗa kaya.

Ana saura kaɗan a yi hutu, ina wurin mai sayar da wake a unguwar Abbasiya, sai na ga wani saurayi a gefena ya kwance koren ƙyalle yana barbaɗa wa wakensa. Nan take na gane zanen Inna ne.

Na ce, "Malam, ina ka samo wannan?"

Ya zabura da ya ji Hausa. Sabon ɗalibi ne daga Maraɗi. Ya ce, "A kogon bishiya, yaya. Wallahi da na tarar da gwangwanin nan ba komai, da yanzu ina gida." Ya turo mini ƙyallen. "Bismillah. Ko wace ce ta daka shi, Allah ya yi mata albarka."

Na ce, "Amin. Innata ce."

Ranar na fara cin yajin Inna a Masar. Muka cinye shi tas, muna hira har mai wake ya tashi. Hutu ya zo ban koma Gusau ba, tare muka gama karatu.

Tun daga nan na gane, abin da na ƙanƙame don maganin kaɗaici shi ne ke ƙara mini shi. Sai da na bar wa wani, sannan ya kawo mini ɗan'uwa.