Ƙarin da Ya Ruɗi Na'ura a Hantar Malam Sallau

Wata rana Malam Sallau tela ya je asibiti a kan wani ciwo da ke sukarsa a gefen dama.

Aka yi masa allurar wani ruwa mai haska jijiyoyin jini, aka ɗora masa na'urar hoton ciki. Likita ya daɗe yana kallo. Sai ya ja babban ɗan Malam Sallau, Nafi'u, suka fita waje.

Kun dai san halinmu. Mai ciwo shi ne na ƙarshe da ake gaya wa abin da ke damunsa.

Ƙari aka gani a hanta, kuma ya yi kama da ciwon daji.

Nafi'u ya dawo yana murmushin dole, wai ulsa ce.

Ulsa? Daga ranar gida ya cika. Masu kawo lemo, masu neman gafara, har maƙwabcin da ko sallamarsa ba ya amsawa ya zo yana sharar ƙwalla. Malam Sallau ba yaro ba ne, ya gane sallama ake yi da shi.

Mutum ɗaya yake duban ƙofa dominsa: ƙanensa Ilu, wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji a kan iyakar gona. Tsoronsa kada a kai shi kabari da wannan gaba.

Aka tura su babban asibiti, aka zurfafa bincike. Wata likita ta zaunar da shi, shi da kansa, ta ce ba daji ba ne. Dunƙulen jijiyoyin jini ne kawai, marar illa. Irinsa yakan riƙe hasken allurar ya jima, amma nasa ya saki da wuri kamar yadda daji ke yi, shi ne ya ruɗi hoton farko.

Nafi'u ya zaro waya.

"Bari in sanar da Baffa Ilu, Baba. Dama gobe ya ce zai zo duba ka."

"Mayar da wayar. In ya zo gobe, mutuwa ce ta kawo shi. Kai ni gidansa yanzu."

Ilu ya fito zaure ya tarar da wanda aka ce yana gargara tsaye da ƙafafunsa.

Malam Sallau ya ce, "An ce da sauran kwanana. Shi ya sa na zo da lafiyata. Ka yafe mini."

Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Darasi: Hoton farko ba shi ne hukunci ba, a bari bincike ya kai ƙarshe. Kuma kada ka jira sai likita ya ja wani naka waje kafin ka nemi ɗan'uwanka.

Tura wannan ga wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba. In da hali ma, ka kai masa da ƙafarka.