Fayil a Ƙarƙashin Buzu

Yau da aka jibge mini tsofaffin fayiloli da jerin waɗanda za a ƙona, warin takardar da gara ta taɓa ya tuna mini da Malam, dattijon da na gada a ɗakin ajiyar takardun ofishinmu a Azare. Bai taɓa jefa fayil a wuta ba sai ya lashi yatsa ya bi shi shafi-shafi. Yakan ce mini, "Karanta tukuna, wuta ba ta mayar da abu."

Wata Laraba shugaban sashenmu ya sa aka hura wuta a bayan ofis. Cikin jerin da ya rubuta har da fayil ɗin taswirar burtalin shanu na wajen Katagum, wanda wani mai ƙarfi yake son haɗewa da gonarsa. Malam ya karanta jerin. Ya shimfiɗa buzunsa a kan fayil ɗin, ya yi azahar, ya zauna da carbi.

Shugaban ya shigo yana huci. "Ina fayil ɗin burtali?"

Na san inda yake, amma na ci gaba da jera takardu. Shugaban ya dubi buzun, ya dubi Malam. To, wa zai ta da dattijo daga lazimi? Ya tsaya, carbi yana ta ƙas-ƙas, har wutar ta cinye. Sannan ya fice.

Har yau shanu na bin wannan burtali. Fayil ɗin kuwa ya sake fitowa a jerin yau. Allah Ya haskaka kabarin Malam, ni kuma Ya ba ni irin zaman da ya yi.